Mehrab Gul da Lema ta Goma Sha Bakwai

Ranar Litinin, uku ga Maris 1969, da ƙarfe takwas saura kwata na safe, na fara ganin Mehrab Gul. An sauya mini wurin aiki daga ofishin sito zuwa ɗakin lema na sansanin jiragen yaƙi da ke yamma da Karachi. Aikin da aka ba ni shi ne riƙe kundin lemomin saukowa daga sama da matuƙa ke goyawa in za su tashi: wace lema ce, ta wane matuƙi, yaushe aka shanya ta, yaushe aka naɗe, wa ya naɗe. Na tura ƙofa na shiga, sai wata murya ta tare ni daga can ƙarshen ɗakin.

"Kai, mai alƙalami! Nan ba tashar jirgin ƙasa ba ce. Cire takalmin nan."

Na cire.

"Da agogon. Da zoben. Alƙalamin nan na aljihunka, yana yoyo?"

Na ce ba ya yi.

"Zai yi. Ga teburinka can bakin taga. Ka ga jan layin nan a ƙasa? Kada ka haye shi sai na kira ka."

Kofur ne, shekararsa arba'in da ɗaya a lokacin, mutumin wani ƙauye kusa da Haripur a tsaunukan Hazara. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum farcensa a yanke ƙwal. Ubansa ɗinkin sirdi yake yi, a hannunsa ya koyi allura kafin ya shiga soja. Kowa Ustad yake ce masa, har hafsoshi. Ni kuma Munshi, yadda ake kiran kowane akawu.

Lemomi talatin da ɗaya ke ƙarƙashinmu, masu naɗi biyu. Kowace lema in ta cika kwana talatin sai a warware ta, a rataye a hasumiyar shanya yini da kwana saboda danshin teku, sannan a miƙar da ita a kan dogon tebur mai tsawon ƙafa arba'in da biyar. Mehrab zai bi igiyoyi ashirin da takwas ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ninke ƙyallen, ya cusa a jaka. Daga sama yake ɗora ƙaramar lema mai sifirin, wadda ita ke fara tsalle waje ta jawo babbar. In ya rufe jaka sai ya ɗaure ƙusar da ke riƙe murfinta da jan zare, ya matse ɗan dunƙulen dalma a kai da filaya mai lambarsa, lamba shida. Sannan ya ɗago kai ya ce, "Munshi, rubuta. An shanya, an duba, an naɗe. Ba a ƙara komai ba, ba a rage komai ba." Zuwa watan Nuwamba na 1971 na rubuta masa wannan sau ɗari shida da goma sha ɗaya.

Bai taɓa shiga jirgin sama ba, ba ya kuma son a ce masa ya shiga. Wanda ya fi kowa tsokanarsa a kan haka shi ne Laftanar Nauman Lodhi, wani dogon saurayi ɗan Multan mai shekara ashirin da huɗu, wanda aka kawo mana a Yulin 1970 aka ba shi lema ta goma sha bakwai.

"Ustad, shekara ashirin kana naɗe wa mutane lema, ko kan tsani ba ka taɓa hawa ba. Ranar Lahadi zan ɗauke ka mu zaga kan teku."

"Sahib, a ƙasa uwata ta haife ni, a nan ta ajiye ni. Kai da kake ganin ka fi shaho, sauka lafiya."

"Matsoraci!"

"Matsoracin ne ke ƙirga igiyoyinka sau uku. Ka roƙi Allah kada ya kawo maka jarumi teburin nan."

Nauman ya yi dariya har ya dafa bango. Daga nan kusan kullum sai ya leƙo, ya tsaya bayan jan layi da safa, ya sha shayinmu ya tafi.

Ranar Talata, ashirin da uku ga Nuwamba 1971, kwana uku bayan ƙaramar Sallah, mai gadin ƙofa ya aiko cewa wata tsohuwa tana neman mai naɗin lema. An soke hutun kowa saboda maganar yaƙi da Indiya ta yi ƙarfi, saboda haka iyaye da yawa su ke zuwa ganin 'ya'yansu. Mehrab ya ce, "Zo mu je, Munshi, kai ka iya magana da manyan mata."

Mun same ta a tsaye ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, ƙaninta yana gefe da jakar tafiya. Mahaifiyar Nauman ce, a jirgin ƙasa ta kwana daga Multan.

"Kai ne mai naɗe abin da zai sauko da shi in jirgi ya ƙi?"

"Ni ne, Bibi."

"Kana da 'ya'ya?"

"Mata uku da namiji ɗaya."

"Ni shi kaɗai ne."

Ta kwance bakin mayafinta ta fito da laya, ɗinkakka cikin baƙar fata, faɗinta bai wuce yatsa biyu ba. Ta ce malamin hubbaren unguwarsu ne ya rubuta. Ta ba Nauman ya rataya, ya ce an hana su sa komai a wuya saboda tiyon shaƙar iska. Ta ce ya sa a aljihu, ya ce kayan tashi kullum suna wurin wanki, ya sumbaci goshinta ya mayar mata da layar cikin jaka yana dariya.

"Amma an ce mini lemarsa ɗaya ce, da ita yake tashi kullum. Ka sa masa a ciki."

"Bibi, ba ya yiwuwa. Ko zare ɗaya ba a yarda a ƙara ba. Doka ce."

"Ban tambaye ka doka ba, ɗana."

"Ki yi haƙuri, Bibi. Wallahi in da hali..."

Bai ƙarasa ba ta zare mayafin kanta, furfurarta ta bayyana a gaban masu gadi da direbobi, ta sunkuya ta ajiye shi a kan takalmin Mehrab. Ya ja da baya kamar ya taka garwashi. Ya ɗauke mayafin da hannu biyu, ya kakkaɓe, ya mayar mata a ka. A garinsu, namijin da tsohuwa ta ajiye wa mayafi a ƙafa ya ƙi biya mata buƙata, ba ya sake zama cikin maza. Ya miƙa hannu, ta sa masa layar.

Ranar Alhamis ashirin da biyar ga wata, lema ta goma sha bakwai ta cika kwanakinta. Ɗaya mai naɗin yana hasumiyar shanya, daga ni sai Mehrab a ɗakin. Aljihun katin lema hafsa yana dubawa duk mako. Jikin ɗamara kuwa Nauman zai gani. Wurin da ya rage shi ne cikin murfin jaka, inda babu hannun da ke kaiwa sai na mai naɗi, kuma tsakaninsa da ƙaramar lema mai sifirin taƙi ɗaya ne. Ya yanke igiyar layar ya jefar. Ya ɗinke kusurwoyinta huɗu da zare mai kaki, ya kama ta ya ja da iyakar ƙarfinsa, ba ta motsa ba. Ya rufe jaka ya ja zoben da ke buɗe ta, ƙaramar lema ta yi tsalle har kusa da rufi. Sau uku ya yi haka. Sannan ya naɗe, ya ɗaura jan zare, ya matsa dalma.

"Munshi, rubuta. An shanya, an duba, an naɗe. Ba a ƙara komai ba, ba a rage komai ba."

Bai kalle ni ba. Na rubuta yadda ya faɗa. Abin da na gani da idona kuma na rubuta shi a ɗan littafina na aljihu, da kwanan wata da lokaci.

Yaƙi ya ɓarke ranar Juma'a, uku ga Disamba. Cikin kwana biyu tankunan mai na tashar jiragen ruwa suka kama da wuta, hayaƙi ya rufe gari, rana ta koma kamar jan faranti. Jiragenmu suna tashi sau huɗu, sau biyar a yini. Ranar Alhamis, tara ga wata, jiniya ta kaɗa da ƙarfe goma da minti ashirin na safe: an hango jiragen abokan gaba suna shigowa ta kan teku. Nauman ya faɗo ɗakin a guje, ya fizgi lemarsa daga maratayi.

"Ustad, ga shayina nan ban shanye ba. Ka tsare mini, kada Munshi ya yi masa rajista a cikinsa."

Jirage biyu suka tashi, Nauman a mai lamba 412, abokin tashinsa Laftanar Sibtain a mai lamba 388. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar jirgi ɗaya ya dawo.

Sibtain bai tsaya ko'ina ba sai ɗakinmu. Ya haye jan layi da takalminsa, gumi ya jiƙa masa riga, babu wanda ya ce masa komai. Ya ce sun yi karo da jirage huɗu, mil talatin daga gaɓa. An harbi 412 a gindin fiffike, wuta ta kama. Ya ga murfin jirgin ya tashi, ya ga kujera ta cilla Nauman waje. Daga nan wani ya biyo bayansa da harbi, dole ya juya. Da ya samu ya dawo, ga inda jirgin ya nutse, ruwa yana tafasa, mai yana yaɗuwa.

"Na duba sama, na duba ruwa. Ban ga lema ba, Ustad."

"Tsakanin juyawarka da dawowarka, Sahib, lokaci nawa?"

"Ina na sani? Daƙiƙa arba'in. Minti ɗaya."

"Tsayi fa?"

"Ƙafa dubu biyu, ko ƙasa da haka kaɗan."

Mehrab ya ce, "Daga ƙafa dubu biyu, lema tana cin minti ɗaya da rabi kafin ta taɓa ruwa."

"Na sani. Shi ya sa na zo nan."

Ya kwance tasa lemar ya yar a ƙasa, ya fita.

Kwana biyu aka yi ana nema da jirgi mai saukar ungulu da kwale-kwalen sojan ruwa. Mai aka gani a kan ruwa, da guntun tankin fiffike. Na shigar a kundi: jirgi 412 ya faɗa teku, matuƙi ya ɓata, lema ta goma sha bakwai ta ɓata tare da shi.

Kafin azahar ta ranar Juma'a maganar ta gama zagaye sansanin cewa lemar Ustad ba ta buɗe ba. Matuƙan da a da suke fizgar lema ba tare da sun kalla ba, yanzu sai mutum ya juya jaka ya duba dalma. In ya ga lamba shida sai ya yi tsaye. Wani ya mayar da tasa ya ɗauki ta abokinsa mai lambar ɗaya mai naɗin, ya tashi da ɗamarar da ba a gyara ta daidai jikinsa ba. Cikin lemomi talatin da suka rage, goma sha tara na Mehrab ne.

Bayan sallar Juma'a na same shi a bayan hasumiyar shanya, gurasarsa da miyar wake suna gabansa, ƙudaje sun rufe su.

"Munshi, fata tana kumbura in ta sha danshi."

"Ka gwada ta sau uku. A gabana."

"A kan tebur na gwada. Tebur ba ya gudun mil ɗari huɗu. In ɗinki ɗaya ya tsinke, ta karkata, ta shiga bakin sifirin..." Ya nuna da yatsunsa yadda za ta maƙale.

"Babu wanda ya sani sai ni da kai da tsohuwar. Saura shekara biyu ka yi ritaya da sunanka mai kyau. Ka yi shiru, Ustad."

"Ka ga yadda suke juya jaka?"

"Na gani."

"Mutum yana cikin wuta, daƙiƙa biyu gare shi ya yanke shawarar fita. In yana shakkar abin da ke bayansa, zai ƙara ta uku."



Ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe Kwamanda Tiwana, shugaban rundunar, ya shigo da kansa, matuƙa shida suna biye da shi, har da Sibtain. Ya ce a buɗe duk lemomi goma sha tara masu lamba shida, ɗaya mai naɗin ya sake naɗe su. Kowace tana cin awa biyu. Na lissafa a zuciyata: awa talatin da takwas ga mutum ɗaya, in bai ci ba bai huta ba, kuma kafin nan fiye da rabin jiragenmu suna ƙasa, ga jiniya tana kaɗawa duk bayan 'yan awoyi.

"Ba zarginka nake ba, Ustad," in ji Kwamanda. "Amma ba zan tura mutum sama da abin da bai yarda da shi ba."

"Kada ka buɗe su, Sahib."

"Me ka ce?"

"Goma sha taran nan lafiyarsu ƙalau. Ɗaya ce ta bambanta da saura, ita ce ta tafi."

Ya faɗi komai a tsaye, hannuwansa a gefe: tsohuwar, mayafin, layar, wurin da ya ɗinke ta, ɗinki nawa. 

"Laya!" Sibtain ya ce. "Da laya ka kashe mana mutum?"

"Yi shiru," in ji Kwamanda. Ya juyo wurina. "Me kundi ya ce?"

Na buɗe shafin ashirin da biyar ga Nuwamba, na karanta. Ba a ƙara komai ba.

"Kai ka sani?"

Kafin in buɗe baki Mehrab ya ce, "Munshi abin da na faɗa masa yake rubutawa, Sahib."

Kwamanda ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce wa Sibtain ya zaɓi uku cikin goma sha taran, duk waɗanda ya ga dama. Aka ɗora su kan tebur, aka ja zobe ɗaya bayan ɗaya. Duk ukun suka yi tsalle. Aka juya murfinsu ciki da waje, babu komai. Kwamanda ya ce a bar sauran goma sha shida a maratayansu, matuƙa su koma bakin aiki. Daga nan ya miƙa wa Mehrab tafin hannu. Mehrab ya ciro filayar hatiminsa daga aljihu ya ɗora masa. Aka tura shi rumbun motoci ya riƙa facin tamfol har a gama yaƙi a zauna kan maganarsa.

An tsagaita wuta ranar goma sha bakwai ga wata. Nakan leƙa Mehrab kullum da rana. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ba ya tambayar abin da za a yi masa. Tambayarsa ɗaya ce, ko teku ta dawo da wani abu.

Ranar Laraba, ashirin da biyu, mai kawo kifi ɗakin girkin hafsoshi ya faɗa wa kuku cewa a wani ƙauyen masunta can yamma an yi rumfa da wani farin ƙyalle da ba a taɓa ganin irinsa ba. Kuku ya faɗa mini. Ofis ya kamata in kai maganar, amma rumbun motoci na nufa. Washegari muka karɓi takardar fita, muka hau bas har inda hanya ta ƙare, muka taka mil uku cikin rairayi. Rana tana tsaka muka isa.

Tun daga nesa muka hango ta. An ɗaure ta a kan sandunan tuƙi huɗu, mata suna zaune a inuwarta suna tsince kifi. Mehrab ya tsaya cak, na ji numfashinsa ya canza. Wani tsoho baƙi mai farin gemu ya taso ya tare mu. Shi ne mai jirgin kamun kifin da ya kamo ƙyallen, sunansa Dad Karim. Idonsa na kan kakin Mehrab. Mehrab ya tambaye shi inda suka samo ƙyallen.

"Wane ƙyalle? Wannan? Ai na kakana ne."

Mehrab ya ce, "Chacha," wato baffa, "kakan naka ne ya buga masa lamba da Turanci a baki?"

Matan suka kwashe da dariya, tsohon ya haɗe fuska. Mehrab ya cire hularsa ya zauna a kan rairayi, ƙasa da tsohon.

"Ni ba ɗan sanda ba ne, Chacha. Ni na naɗe ta da hannuna. Abu ɗaya na zo tambaya, ka faɗa mini don Allah. Da ragarku ta kamo ta, a warware take cikin ruwa, ko a cikin jakarta take ku kuka jawo ta waje?"

Dad Karim ya sosa gemu. Ya ce shekaranjiya ne, fitarsu ta uku bayan an ɗage hanin fita teku na lokacin yaƙi. Raga ta yi nauyi, suka ɗauka babban kifi ne.

"Muna ja, ƙyalle yana fitowa. Muna ja, yana fitowa. Ko daga jaka yake fitowa ko daga ruwa, ɗana, Allah ne ya sani. Ruwan a gurɓace yake, ga ciyawa ta naɗe komai."

"Mutum fa?"

"Babu mutum. Da akwai, da mun yi masa sutura."

Mehrab ya ce a sauke ta. Matar Dad Karim ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"A sauke me? Na riga na auna ta, riguna shida za ta yi, har da ɗan saura."

"Kin sa almakashi?"

"Gobe zan sa."

"Igiyoyin fa?"

Tsohon ya kawar da kai. Sun yanke shida sun gyara raga.

Mehrab ya cire bargon ulu da ke kafaɗarsa, wanda matarsa ta saƙa masa, ya miƙa wa tsohuwar. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta ce wa 'yan matan su kwance.

Ya sa aka jera tabarmi a kan rairayi. Ya cire takalmi, ya wanke hannu, aka miƙar da lemar. Ya fara daga ƙoƙon sama yana bin kowane ɓangare da tafin hannu, a durƙushe, fuskarsa kusan tana taɓa ƙyallen. Na san abin da yake nema, don ya taɓa nuna mini. In lema ta buɗe a sama cikin gudu, igiya takan goge ƙyalle da ƙarfi har ya ƙone, ya bar layi mai ruwan ƙasa. Jan hannu ko jan raga ba ya yin wannan. Ɓangare na ɗaya, babu. Na biyu, babu. Mutanen ƙauyen suka kewaye mu. A na bakwai ya tsaya, ya kankare da farce, ashe jinin kifi ne. Na duba agogo, ƙarfe ɗaya saura minti goma. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana tare shi da hannun riga kada ya taɓa ƙyallen.

A ɓangare na goma sha ɗaya ya sake tsayawa. Ya kankare, bai fita ba. Ya ɗaga ƙyallen ya saita da rana. Layi ne mai tsawon taƙi biyu, ruwan ƙasa, ya ƙandare kamar an ɗiga kakin kyandir. A na goma sha biyu ma akwai, ƙarami.

"Jakar," ya ce.  "Ina jakar?"

Aka ɗauko daga bukka, ɗamarar tana haɗe da ita. Ya duba guntun jan zaren: tsinkewa ya yi, bakinsa a tarwatse, ba yankan wuƙa ba. Ya juya murfin. Layar tana nan, ta kumbura ta yi fari da gishiri, ɗinki huɗu duk suna riƙe.

Ya zauna daɓas a kan tabarma.

"Ta buɗe, Munshi. Rubuta. Ta buɗe."

Na ciro littafina na rubuta, ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu. Da na ɗago kai na ga yana juya ɗamarar a hannu, fuskarsa ta sake canzawa. Ƙarafanta uku, na ƙirji da na cinyoyi biyu, duk a buɗe suke.

"Chacha, ku kuka buɗe waɗannan?"

"Mu? Rufewa ma muka gwada, mun kasa gane kansu. Haka suka zo."

Ƙarafan nan sai an danna gefe biyu a tare sannan a murɗa. Ruwa ba ya buɗe su, kifi ba ya buɗe su.

"Da hannunsa ya kwance," Mehrab ya ce. "Da ransa ya sauka."

Ya tambayi inda suka same ta. Dad Karim ya nuna yamma, ya ce tafiyar awa huɗu, a wannan watan ruwa can yake ja. Nisa ne sosai daga inda aka yi nema. Ƙunshin kwale-kwalen roba da ke ɗaure ƙasan ɗamara babu shi.

"Mutum yana kai kwana nawa a ruwan nan, a Disamba?"

"In ya hau robar, uku ko huɗu, ƙishirwa ce za ta gama da shi. In bai hau ba, zuwa la'asar." Tsohon ya kalli teku. "Ranar duk jiragenmu na kamun kifi suna kan tudu."

Mehrab ya miƙe. Ya ninke lemar ɓangare-ɓangare yadda yake yi a tebur, ya tufke igiyoyi ashirin da biyun da suka rage, ya goya ta. Shi ya ɗauke ta har bakin hanya, ya ƙi in karɓe shi.

Kwamitin bincike ya zauna ranar Litinin, goma ga Janairu 1972. Ya tabbatar cewa lema ta goma sha bakwai ta buɗe yadda ya kamata, kuma layar ba ta hana komai ba. Game da shaidar Sibtain, kwamitin ya ce mai yiwuwa jirgin ya fi ƙasa da yadda ya zata, ko ya fi minti ɗaya kafin ya dawo. Ya kuma tabbatar cewa Kofur Mehrab Gul ya sa abin da doka ta hana cikin lema, ya sa an rubuta abin da ba haka ba. Ba a mayar masa da hatiminsa ba. An cire masa igiyar kofur, aka sallame shi daga aiki ƙarshen Maris. Na miƙa wa kwamitin littafina na aljihu, aka ba ni takardar gargaɗi, aka sa na gyara shafin ashirin da biyar ga Nuwamba da jan tawada.

A kan hanyarsa ta komawa gida Mehrab ya sauka Multan ya kai wa mahaifiyar Nauman layar. Ta tambaye shi yadda aka yi, ya faɗa mata duka, har maganar ƙarafan. Da ta ji ɗanta ya sauka da rai, sai ta hana a yi masa sallar gawa daga nesa, ta hana zaman makoki. A wasiƙar da ya sa aka rubuto mini daga baya, Mehrab ya ce bai san ko ya kyauta da ya faɗa mata ba. Ta rasu a 1980 tana jiran ɗanta.

Ba a ga Laftanar Nauman Lodhi ba, ba a kuma tsamo jirgi 412 ba. A 1975 aka ɗauke sunansa daga jerin waɗanda suka ɓata aka mayar cikin waɗanda suka rasu a yaƙi. Mehrab ya buɗe ɗan shago a bakin tashar mota ta Haripur yana ɗinka tamfol na manyan motoci da rumfunan biki. Ya aurar da 'ya'yansa mata uku, namijin ya gaji shagon. Ya rasu ranar goma sha huɗu ga Fabrairu 1988 da ciwon ƙirji, yana da shekara sittin, aka binne shi a ƙauyensu.